Madara Ya Shiga ta Ƙofar Gaba

Tun ranar da Madara ya fito daga wani gidan abinci da tsinken sakace a bakinsa na fara sa masa ido. Mutumin da aka aika ya sayo wa jama'a abinci, me ya haɗa shi da sakace in ba zama ya yi ya ci ba?

Sunansa na gaskiya Alcide Broussard, mutumin Louisiana, amma a ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, wato Zakarun Pine Bluff, ba mai kiransa haka. Madara muke ce masa saboda haskensa. Fari ne tas, ido kamar na mage, gashi a kwance. Uwarsa kuwa na san ta, wankau take yi, kuma ba ta fi ni haske da wani abin kirki ba. A ƙasar nan ɗigo ɗaya na jininmu na baƙar fata ya isa ya jefo mutum layinmu, saboda haka Madara namu ne, ko fatarsa ta so ko ta ƙi.

Ni ne mai jifa, shi ne mai cafka. Yana tsugune bayan mai bugu da takunkumin waya a fuska, ni ina tsakiyar fili ina jiran abin da yatsunsa za su ce. Yatsa ɗaya, in jefa miƙaƙƙiya da ƙarfi. Biyu, mai lanƙwasa. In kuwa ya dunƙule hannu, yana nufin wannan mutumin ya fi ƙarfinmu yau, in yi ta jefa masa waje har alƙali ya ba shi hanya ya wuce bai taɓa ƙwallo ba. Ƙyale shi ya wuce ke nan. Na tsani alamar nan kamar mutuwata. Mai jifa yana da ikon ƙin umarni ta hanyar girgiza kai, ni kuma ban taɓa ganin dunƙulen nan ban girgiza ba.

Ban da wannan duka, mijin ƙanwata Verlie ne. Suna da ɗa guda, Junie, wanda ya ɗebo hasken uban da idanunsa. To ka ga sa idon da nake yi ba na banza ba ne.

Lokacin zafi na 1938 a kan hanya muka cinye shi, cikin tsohuwar bas ɗin Baba Cleophus, wanda shi ne mai ƙungiyar, shi ne koci, shi ne direba, kuma shi ne makanike in ta mutu. Yau muna wannan gari, gobe muna wancan, mu buga da namu, mu buga da Turawan ƙauye in sun gayyace mu. Wasa ba ya ba mu wahala. Ciki ne ke ba mu. Sai a yi tafiyar yini guda ba a sami inda za a sayar mana da ko ruwan shayi ba, kifin gwangwani da busasshen biskit kuwa mun ci har mun fara warinsu.

A nan Madara yake da amfanin da ya wuce cafka. In mun hango gidan abincin Turawa, Baba ya wuce shi kaɗan ya laɓe da bas bayan itatuwa. Madara ya sa kwat da laktaye, ya kafa wata malafa mai kyau da muka ajiye don wannan aikin kawai. Sannan ya zaro hoton Verlie daga aljihun rigarsa ya miƙo mini, don kada tsautsayi ya sa ya faɗi a gaban mutane, a ga matarsa baƙa ce. Ya taka ya shiga ta ƙofar gaba, ya ce shi ɗan kwangila ne, a haɗa wa leburorinsa burodi da nama. Bayan ɗan lokaci ɗayanmu ya bi shi don ɗauko kaya, ya tsaya daga waje yana sosa ƙeya. Sai Madara ya leƙo ya daka masa tsawa:

"Kai yaro! Sau nawa zan gaya maka? Zaga ta baya!"

Kuma yana faɗa yana ƙifta masa idon hagu. In an dawo bas, Tunk Mabry, wani ɗan gajere mai bakin tsiya da ke tsaron tsakiyar fili, ya karɓi malafar ya yi ta kwaikwayonsa har mu riƙe ciki. Madara ya tuɓe kwat, ya miƙo hannu in ba shi hotonsa, ya raba wa kowa nasa. Nawa kullum daban yake naɗe shi, don ya san ba na cin albasa.

Haka muke yi shekara da shekaru ba wanda ya ga aibu. Sai ranar tsinken nan.

"Suruki," na ce masa, "naman ya maƙale maka ne tun kafin ka ci?"

Ya tofar da tsinken. "Haba Yaya, kyauta suke bayarwa a bakin ƙofa. Bature ba ya fita bai ɗauka ba. So kake su gane ni?"

Magana ce mai ma'ana. Amma da ya sunkuyo zai ba ni burodina sai na ji ƙamshin kofi a bakinsa, kofin gaske, ba irin ruwan bawon gyaɗar da muke dafawa a gwangwani ba. Na ajiye abin a raina.

Daga nan sai ya fara daɗewa a ciki. Da can shiga yake ya fito kamar wanda wuta ke bi, yanzu sai mu yi ta gumi a bas muna leƙe. Ya daina tuɓe riga in muna motsa jiki, ya koma sa mai dogon hannu cikin wannan zafin da ko ƙadangare yana neman inuwa. In aka tsaya hutu, kowa ya baje a kan ciyawa, shi sai ya lallaɓa gindin bas. Ranar da muka bi ta gida kuwa har faɗa ya yi wa Verlie don ta bar Junie yana wasa a rana ba hula, wai fatarsa za ta yi duhu.

Sai kuma ga mota mai ruwan toka.

Tunk ne ya fara lura da ita, a wani gari na Tennessee. Muka sake ganin ta a Kentucky. Da muka tsallaka kogi muka shiga Missouri, sai ga ta nan kuma a bakin fili. Mai ita wani Bature ne siriri, mai gilashi, ba ya ihu, ba ya zagi, ba ya cin gyaɗa. Bature ya zo kallon wasanmu ya zauna shiru kamar a coci? Ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana da hantsi, Madara ya shiga sayo abinci, sai maganar ta fashe a bas.

"Ɗan caca ne," in ji Tunk. "Na rantse da kabarin kakata. Akwai mai sayar masa da wasanmu a cikin motar nan, kuma ba ni ba ne, don ni ko kyauta ba mai saye na."

"Ɗan sanda ne," in ji wani daga baya. "Tunk, me ka sata a Memphis?"

"Zuciyar yayarka. Ta kai ƙara ne?"

Baba Cleophus bai yi dariya ba. Yana riƙe da sitiyari yana kallon hanya, ko da yake motar a kashe take. "Na ga 'yan caca, na ga 'yan sanda," ya ce. "Ɗan caca allon maki yake kallo. Ɗan sanda fuskoki yake kallo. Wannan mutumin ba ya kallon ko ɗaya. Bayan mai bugu kawai yake kallo."

Mutum ɗaya ne ke tsugunawa bayan mai bugu.

"To me zai yi da shi?" in ji Tunk. "Ba dai ɗaukarsa zai yi ba. Ƙungiyoyinsu ko kare za su sa wa riga kafin su sa wa ɗayanmu."

"Ɗayanmu, i," in ji Baba. "Amma in sun ɗauka nasu ne fa?"

Ni na gane inda Baba ya dosa. Mun sha jin labarin irin waɗannan: wane ya tafi arewa ya zama ɗan Cuba, wane ya tafi yamma ya zama ɗan Italiya, aka canza suna, aka canza coci. Kuma duk labaran ƙarshensu ɗaya ne. Wanda ya tsallaka ya koma Bature ba ya tafiya da kowa. Ba ya tafiya da uwa mai wankau, balle mata mai launin Verlie.

A ranar nan, da Madara ya dawo bas, ya tuɓe kwat, ya raba abinci, ya zauna. Na jira ya miƙo hannu. Bai miƙo ba. Hoton ya kwana a aljihuna, ya sake kwana, mutumin nan bai ko shafa ƙirjinsa ya ji babu ba.

Ran Lahadi da safe na same shi shi kaɗai a bayan wani cocin mutanenmu da suka ba mu masauki, yana wanke kayan wasansa a bakin famfo. Na zaro hoton na ɗora a kan bokitinsa.

"Ka san wannan matar?"

Ya dube shi, kunnuwansa suka yi ja. Abin da ke da farar fata ke nan, ba ta iya rufa wa mai ita asiri. "Kai, na sha'afa ne wallahi."

"Sha'afa. To mai motar toka fa, shi ma ka sha'afa da shi? Don na ga duk gidan abincin da ka daɗe a ciki, in mun tashi sai in hango motarsa a gefe."

"Hanya ta gwamnati ce, Yaya."

"Kada ka Yaya ni. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Me ya ce maka?"

Ya matse rigar da ke hannunsa har ruwan ya ƙare, bai daina matsewa ba. Sannan ya ɗago.

"Ozell, ka taɓa zama a kujera wata ta zo ta ce maka, yallaɓai me za a kawo maka? Ka taɓa shan ruwa a kofin gilashi ba a fasa shi bayan ka tashi ba?"

"Ban taɓa ba, kuma ban mutu ba."

"To ni na taɓa. Kuma wa ya aike ni? Ku ne. In yunwa ta kama ku, Madara tashi ka zama Bature. In kun ƙoshi, Madara dawo ka zama baƙi, ba mu malafarmu. Kamar riga. Ka taɓa tambayata yadda nake ji in na taka ƙofar nan, ban sani ba ko yau ce ranar da wani zai kalli farcena ya gane jinina? Ba wanda ya taɓa tambaya. Sai dai, ina nawa, ba albasa."

Haushi ya ƙara kama ni.

"Ka san na fi duk masu cafkar da suke bugawa a jarida," ya ce, ya rage murya. "Kai ka fi kowa sani. Gwiwoyina kuma ba za su jira ni ba."

"Verlie fa? Junie fa?"

"Wa ya ce maka zan je wani wuri?" Ya ɗauki hoton, ya goge shi da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. "Magana ya yi, na saurara. Sauraro laifi ne? Kai dai zargi ya yi maka yawa, shi ya sa gashinka ke zubewa."

Ya yi dariya, ya watsa mini ruwan sabulu. Ban yi dariya ba. Mutumin da ba zai tafi ba, a'a yake cewa, ba wa ya ce maka ba.

Wasan da ya kusa wanke shi a idona shi ne wanda muka yi da ma'aikatan wani kamfanin katako, Turawa zalla, a filinsu. Kafin mu sauka Baba ya maimaita mana karatun da muka haddace: "Ku ci su da ɗaya ko biyu. Kada ku kunyata su gaban matansu. Da ƙafafunmu muka shigo garin nan, da su nake so mu fita."

Muka bi da su a hankali har zagayen ƙarshe, muna gaba da ɗaya, suna da mutum a tasha ta biyu cikin ukun da mai gudu ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki. Sai ga babban mai bugunsu, wani ƙato mai jan wuya da ya riga ya kwashe ni sau biyu. Na duba yatsun Madara. Ya dunƙule hannu.

Na girgiza kai.

Ya sake dunƙulewa, har da buga shi a cinya. Na sake girgizawa. In ƙyale wannan jan wuyan ya wuce a banza, yana mini murmushi? Ba a haife shi ba. Madara ya ɗaga kafaɗa, ya nuna yatsa ɗaya, na zage na jefa. Ƙaton ya make ta ta wuce ta gefen kunnena. Mutumin da ke tasha ta biyu ya zuba a guje, ya zagayo yana neman gida, Tunk ya tsinto ƙwallon ya wurgo. Madara ya tare hanya. Mai gudun ya zo da ƙafa a sama, ƙusoshin takalminsa a gaba, da gangan, kowa ya gani. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, Madara yana kwance, wandonsa a yage, jini yana bin ƙwaurinsa, ƙwallon kuma tana cikin safar hannunsa, wato mai gudun ya fita, mun ci wasa.

Mai gudun ya miƙe ya tofa masa yawu, ya kira shi da sunan nan da suke kiranmu, wanda ba zan maimaita ba. Madara ya tashi a hankali, ya cire takunkumin, ya bar jama'a suka ga fuskarsa sosai. Ya ce da ƙarfi, "Na'am, ni ne. Kai kuma ka fita."

Ba mu tsaya canza kaya ba. Muka faɗa bas, Baba ya taka ta, duwatsu suna sauka a rufin. Ni na ɗaure masa ƙafar da tawul ɗina.

"Da ka ƙyale shi ya wuce," ya ce yana cije baki, "da yanzu ƙafata lafiya lau. Taurin kanka zai kashe ni wata rana."

"Yi shiru, ɗan nema. Ka ji yadda ka amsa masa kuwa?"

Tunk ya fara waƙa, aka kama tafi. A wannan yammacin na ji kunyar kaina, na ce lallai Ozell ka cika baƙin zato, mutum ya amsa sunanmu gaban gari guda. Abu ɗaya ne kawai ya hana ni sakin jiki gaba ɗaya. Da muna ficewa na waiwaya ta taga, na hango mai gilashin nan tsaye a bakin motarsa. Duk filin ana ihu ana jifa, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar wanda ya ɗanɗana miya ya ji gishiri ya yi daidai.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana, muka hango wani gidan abinci a bakin hanyar wani garin jirgin ƙasa, can arewacin Missouri. Baba ya laɓe da bas bayan wani rumbun hatsi. Madara ya sa kwat, ya ɗaura laktaye, ya kafa malafa. Ya zaro hoton, ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya miƙo mini.

"Ba albasa ko, Yaya?"

"Yau ka fara sani?"

Ya sauka yana ɗingishi. Muka bi shi da kallo har ya sha kwana.

Muka jira. Rana ta dake rufin bas har ba ya taɓuwa. Aka yi hira ta ƙare, aka yi musu ya ƙare. Tunk ya ce bari ya zaga ya kama ruwa, ya tafi, sai ga shi ya dawo da sauri ba ko murmushi.

"Motar toka tana bayan gidan abincin."

Na miƙe. Baba Cleophus ya kama hannuna. "Ozell. Ƙofar baya."

"Na ji, Baba."

Ban bi ta baya ba. Na taka matakalar gaba, na ja ƙofar ragar, na tsaya a bakinta da ƙafa ɗaya a ciki. Ban taɓa ganin cikin irin wurin nan ta wannan ɓangaren ba. Fanka tana juyawa a sama. Maza sun jeru a dogon teburi, ma'aikatan jirgi da manoma, ɗaya da tauraron ɗan sanda a ƙirji da bindiga a ƙugu. Cokula suka daina ƙara ɗaya bayan ɗaya.

Madara yana can kusa da taga, a teburi mai farin ƙyalle, shi da mai gilashi. Ya rataye malafarmu a jikin kujera. Akwai faranti a gabansa, da kofi, da ruwa a kofin gilashi.

Mai gidan abincin ya fito daga bayan kanta yana goge hannu. "Kai, makaho ne kai? Ba ka ga allon da ya hana irinku shiga ba?"

"Wurin wancan na zo," na ce, na nuna shi.

Duk suka juya suka dube shi. Mai gidan ya ce, "Mista Fontaine, naka ne wannan?"

Fontaine. Har sunan an riga an raɗa.

Madara ya ajiye cokalinsa. Ya dube ni ido cikin ido.

"Kai yaro," ya ce. "Sau nawa zan gaya maka? Zaga ta baya."

Kalmomin nan na ji su sau ba adadi, na yi dariyarsu har hawaye. Na tsaya ina jiran idon hagun nan ya ƙifta. Bai ƙifta ba.

Kalma uku kawai nake bukata: mijin ƙanwata ne. Ga hoton ma a aljihuna, in zaro in ɗora a kan farin ƙyallen. Na san abin da zai biyo baya. Ni za su fasa mini baki su jefar da ni waje, wannan ba komai ba ne. Shi kuwa, wanda ya zauna a kujerarsu, ya sha a kofinsu, 'yarsu ta ce masa yallaɓai, ba zai kai bakin titi ba. Na san haka sarai, kuma wallahi a wannan lokacin ban damu ba. Na buɗe baki.

Sai idona ya sauka ƙasa, don idon mai jifa can ya saba zuwa. Ƙyallen teburin bai kai ƙasa ba ta ɓangaren ƙofa. Hannunsa na dama yana tsakanin gwiwoyinsa, inda ba mai gani sai ni. A dunƙule yake. Ya buga shi a cinya sau ɗaya, a hankali.

Ƙyale shi ya wuce.

Wuyana ya motsa da kansa zai girgiza, kamar yadda ya saba. Na riƙe shi. Na tuna Junie, wanda ko ba komai gara a ce ubansa ya gudu da a ce an tsinto shi rataye a kan reshe. Na cire hulata, na sunkuyar da kai.

"To, yallaɓai," na ce.

Wani ya yi dariya a dogon teburin, cokula suka ci gaba da ƙara. Na saki ƙofar ta rufe, na sauka, na zaga ta baya.

Mai dafa abincin wata dattijuwa ce tamu, da garin fulawa har gwiwar hannu. Ta riga ta haɗa kwali tana jira. Ta dube ni sama da ƙasa, ta duba rigar wasan da ke leƙowa ta ƙarƙashin tawa.

"Kai ne na Mista Fontaine?"

"Haka aka ce, Inna."

"Ɗan Kanada ne wai. Na ji suna cewa jirgin la'asar za su bi, can yamma bakin teku, zai buga wa wata ƙungiya." Ta miƙo mini kwalin, ta riƙe shi ba ta saki ba. "Ɗan Kanadan da ya ce mini sannu da aiki, Inna, da ya ga ba kowa kusa. Allah ya kyauta, ɗana."

Da na koma bas ba wanda ya tambaye ni komai, fuskata ta riga ta faɗa. Baba ya jawo jakar Madara ya zazzage. Ga takunkumi, ga kariyar ƙirji, ga takalma. Safar hannun cafkarsa ce kawai babu, wadda ba ya bari ko taɓa ta a yi. Ba da ita ya sauka ba, duk mun gani. Ashe tun kafin yau ta riga shi shiga motar toka.

Tunk ya buɗe kwalin ya raba, ba wasa ba kwaikwayo. A can ƙasa akwai ɗaya da aka naɗe daban. Na buɗe, ba albasa. Na so in yi jifa da shi ta taga, amma tun jiya rabona da abinci, sai na cinye shi ina zagin mai shi. Da la'asar Baba Cleophus, da furfurarsa da ciwon bayansa, ya sa takunkumin ya tsuguna mini. Aka yi mana cin kaca.

Sai da ganye ya fara ja muka koma Pine Bluff. Verlie tana zaune a barandar gidan tana ɓare wake, Junie yana kusa da ita a inuwa, da 'yar hularsa mai faɗi. Ta ga na shigo ni kaɗai da jaka biyu. Ba ta tashi ba.

Na zaro hoton na ajiye mata a kan cinya, cikin ɓawon waken. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ta gaba ya shiga?"

"Ta gaba."

"Ka gan shi da idonka, Yaya?"

"Na gan shi. Yana zaune yana cin abinci."

"Ba ka kira shi ba?"

"Na kira shi," na ce. "Na ce masa yallaɓai."

Ba ta yi kuka ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta kakkaɓe zanenta, ta ɗauki Junie, ta kwance igiyar hular daga haɓarsa ta rataye ta a ƙusa. Sannan ta sauka matakala da shi, ta kai shi tsakiyar tsakar gida inda ba ko inuwar ganye, ta zaunar da shi a cikin rana.

"Yi wasanka a nan," ta ce masa.

Ta dawo ta ci gaba da ɓarar wakenta.